Yawan maƙaloli da yawan ambato: yadda ake auna mai binciken ciwon daji

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni likita ne, ina shekarar ƙarshe ta neman ƙwarewa a fannin tiyata, kuma ina da burin ci gaba da bincike kan sankarar nono. Na karanta tarihin Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago, na ga ana cewa ta wallafa ɗaruruwan maƙaloli, an kafa hujja da su sau dubbai. Daga nan na duba shafukan wasu malamai biyu da nake tunanin roƙon ɗayansu ya kula da aikina. Yawan ambaton ɗaya ya ninka na ɗayan kusan sau goma, amma abokan aiki sun fi yaba wa mai ƙaramin adadin. Shin waɗannan alƙaluma me suke aunawa? Ta yaya zan gane wanda aikinsa ke da nauyi da gaske?"

Wa alaikumus salam, Dakta. Allah ya ba da sa'a a jarrabawar da ke gabanka. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: me jimillar ambato da ma'aunin h (lambar da ke haɗa yawan maƙaloli da yawan ambato) suke ƙirgawa, sannan ta yaya za ka tsallake lambobin ka kai ga aikin mutum shi kansa. Abokan aikinka da suka fi yaba wa mai ƙaramin adadi ba lallai ne son rai ya ja su ba. A fannin ciwon daji musamman, mutum na iya tara ambato dubbai ba tare da ya taɓa jagorantar bincike ko ɗaya ba, wani kuma ya canza yadda ake jinya da maƙaloli biyar kacal. Lambar da ke saman shafi ba ta rarrabe waɗannan mutum biyu. Sai an buɗe maƙalolin, an ga matsayin mutum a cikinsu, an ga su wa suka ambace su kuma a kan me.

Abin da ake ƙirgawa

Kowace maƙalar bincike tana ƙarewa da jerin ayyukan da ta dogara da su. Idan taka ta fito a jerin wani, an ambace ka sau ɗaya ke nan, ko yabonka ya yi, ko ƙaryata ka ya yi, ko kuwa cusa ka ya yi a gabatarwa bai ma karanta ba. Eugene Garfield ne ya kawo shawarar tattara waɗannan ambato a 1955, kundinsa na Science Citation Index kuma ya fara fitowa a kai a kai daga 1964. Manufar farko ita ce mai bincike ya gano wa ya ɗora a kan aikin wa. Auna mutane da shi daga baya ya zo.

Yau rumbuna uku ake dubawa: Web of Science, da Scopus, da Google Scholar. Biyun farko suna zaɓen mujallun da suke shigarwa, kuma cikakken bayaninsu sai jami'ar da ta biya kuɗin rajista, ko da yake Scopus na barin kowa ya ga taƙaitaccen shafin marubuci kyauta. Google Scholar ba ya tankaɗe. Kundin digiri, rubutun da ba a tantance ba, takardun taro, duk yana haɗawa, wani lokaci ma ya ƙirga maƙala ɗaya sau biyu. Shi ya sa adadinsa kusan kullum ya fi na sauran. Ƙari a kan haka, mai shafin ne ke kula da shi, kuma idan ya bar shi yana ɗibar maƙaloli da kansa, sai ya kwaso na masu suna irin nasa. Don haka kafin komai, ka tabbata daga rumbu ɗaya ka ɗauko lambobin malaman nan biyu. Idan na ɗaya daga Google Scholar ne na ɗayan kuma daga Scopus, ba ka kwatanta komai ba tukuna.

Matsalar suna ba ƙarama ba ce. Ka rubuta "Olopade" kawai a PubMed, rumbun maƙalolin likitanci, za ta haɗo maka ayyukan Farfesa Olufunmilayo da na Farfesa Christopher Olopade, likitan huhu a jami'a ɗaya da ita. Sai ka rubuta "Olopade OI" sannan ka ware nata. Mu da muke da Muhammad, Mohammed da Muhammed, ga Abubakar da ke zama sunan yanka a wata maƙalar ya koma sunan mahaifi a wata, abin ya fi cin mu. Scopus kan raba mutum ɗaya gida uku, ko ta haɗe mutum uku a shafi ɗaya. Lambar ORCID, wato lambar shaidar marubuci, ita ce maganin wannan, kai ma ka buɗe taka tun yanzu, kyauta ce.

Ma'aunin h kuwa Jorge Hirsch ne, masanin kimiyyar fiziks a Kalifoniya, ya fito da shi a 2005. Ana jera maƙalolin mutum daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa, a sauka har inda lambar jeri ta zarce yawan ambato. Ɗauki wani mai maƙaloli goma da aka ambata sau 900, 40, 22, 15, 9, 7, 6, 3, 1 da 0. Ta shida tana da 7, ta cika. Ta bakwai tana da 6, ba ta kai bakwai ba. Ma'auninsa 6 ke nan, jimillarsa 1,003. Wani kuma mai maƙaloli goma da kowacce aka ambata sau 20, jimillarsa 200 ce kawai amma ma'auninsa 10. Ka ga lambobin biyu ba abu ɗaya suke faɗa ba. Kuma ma'aunin h ba ya sauka. Wanda ya ajiye bincike shekara goma da suka wuce, nasa na nan, yana ma iya ƙaruwa. Hirsch da kansa ya ba da shawarar a raba shi da yawan shekarun da mutum ya yi tun maƙalarsa ta farko, ya kuma nuna cewa fanni da fanni ba a haɗa su. A lissafinsa na lokacin, wanda ya fi kowa a fanninsa shi ne Edward Witten da 110, alhali Bert Vogelstein na Johns Hopkins, mai binciken sankarar hanji, yana da 151.

Dalilin da ya sa lambobin ciwon daji ke kumbura

Kusan duk maƙalar ciwon daji tana buɗewa da jimla guda: cutar kaza tana kama mutum kaza a shekara. Wannan jimla tana buƙatar madogara, kuma madogarar kusan kullum rahoton GLOBOCAN ne na hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa. Rahoton 2020, wanda ya ƙiyasta sabbin masu cutar miliyan 19.3 da mace-mace kusan miliyan 10 a ƙasashe 185, an ambace shi sau dubun dubata. Mujallar da ke buga shi, CA: A Cancer Journal for Clinicians, makin tasirinta na 2020 ya haura 500, abin da babu wata mujallar likitanci da ta kusance shi. Makin tasiri ba komai ba ne illa ambaton da maƙalolin shekaru biyun baya suka samu a bana, a raba da yawan maƙalolin. Mujallar da ke buga 'yan maƙaloli kaɗan a shekara, biyu ko uku daga ciki rahotannin alƙaluma ne da kowa ke buƙata, dole makinta ya yi tashin gwauron zabi. Wannan bai ce komai ba game da sauran maƙalolin da ke cikinta, shi ya sa sanarwar San Francisco ta 2012 ta nemi jami'o'i su daina auna mutum da makin mujallar da ya buga a ciki.

Na biyu, maƙalolin bita. Wadda Douglas Hanahan da Robert Weinberg suka buga a mujallar Cell a 2000, inda suka tsara siffofi shida da ƙwayar daji ke mallaka, da sabuntawarta ta 2011, suna cikin rubuce-rubucen da aka fi ambata a fannin baki ɗaya. Sun cancanta, domin sun tsara tunanin mutane. Amma babu sabon gwaji a cikinsu, kuma mafi yawan maƙalolin bita ba su kama ƙafarsu ba. Mutum na iya gina ma'aunin h mai kyau da bita zalla, bai taɓa tara marasa lafiya ko riƙe samfurin tsoka ba.

Na uku, kuma shi nake zargi a kan malaminka mai babban adadi, shi ne maƙalolin haɗaka. Binciken ƙwayoyin gado na sankarar nono yana buƙatar dubban mata daga ƙasashe da yawa, saboda haka ƙungiyoyi irin su BCAC da CIMBA ke fitar da maƙaloli masu ɗaruruwan marubuta. Haka rahotannin nauyin cututtuka na duniya da ake tsarawa daga Jami'ar Washington da ke Siyatil. Rumbunan nan uku duk suna ba kowane marubuci cikakken ambaton maƙalar. Kamar gayya ce a gona: mutum ɗari biyar suka yi noma, sai aka rubuta wa kowannensu amfanin gonar gaba ɗaya a matsayin nasa. Wanda ya kawo samfurin mata ɗari biyar ya yi aiki na gaske, wanda ya karanta daftari ya aika da gyara layi biyu shi ma sunansa na ciki, kuma daga waje lambarsu ɗaya.

Akwai kuma girman kasuwar fannin. Masu binciken sankarar nono da ta huhu dubbai ne, kowa na ambaton kowa. Mai aiki kan sankarar mafitsara da tsargiya ke haddasawa, wadda likitocin Sakkwato da Kano suka sani sarai, masu ambatonsa 'yan tsiraru ne komai kyan aikinsa.

Karanta tarihin Farfesa Olopade

Tunda ita ka ambata, bari mu yi darasin da ita, domin tarihinta ya nuna yadda ake bin sawu. Ta kammala karatun likita a Jami'ar Ibadan a 1980, ta tafi Amurka, ta samu kyautar MacArthur a 2005. Idan ka jera maƙalolinta bisa shekara maimakon bisa yawan ambato, za ka ga zango-zango. A farkon shekarun 1990 sunanta ne a gaba, a ayyukan da ke bin diddigin wani yanki na kuromosom na 9 da ke ɓacewa a wasu nau'o'in ciwon daji. Sunan farko a al'adar fanninmu na wanda ya yi aikin da hannunsa ne kuma ya rubuta daftari. Daga baya sunanta ya koma ƙarshe, wato matsayin wanda ya kawo tambayar, ya nemo kuɗi, ya kula da matasa. Wannan ƙaura daga gaba zuwa ƙarshe ita ce alamar farko da nake nema a tarihin kowane babban malami. Wanda shekara ashirin yana tsakiya, akwai tambaya.

Abu na biyu, za ka ga tambaya ɗaya tana bin ayyukan: me ya sa sankarar nono ke kama matan Afirka ta Yamma da ƙuruciya kuma da zafi? A 2009 ita da abokan aikinta, Dezheng Huo a gaba ita a ƙarshe, sun buga a Journal of Clinical Oncology nazarin mata 507 daga Najeriya da Senegal. Matsakaicin shekarunsu kusan 45, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ƙarinsu ke ɗauke da makarɓar sinadarin estirojin, saɓanin matan Turawa da mafi yawansu ke da ita. A 2018, a mujallar dai, aka fito da nazarin mata 1,136 masu cutar da 997 marasa ita daga Ibadan. Kashi 14.7 cikin ɗari na masu cutar suna ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gado, kashi 7 a BRCA1, kashi 4.1 a BRCA2. Aiki na biyu ya ɗoru a kan na farko, shi na biyun kuma ya fito ne daga rukunin matan da aka fara tarawa a Ibadan tun 1998.

Yanzu ga inda ƙidaya ke makancewa. Maƙalar 2009 an ambace ta sosai, amma ka buɗe masu ambaton za ka tarar ba baki ɗaya suke ba. Shekara guda kafin ta, Clement Adebamowo da abokan aikinsa sun buga nazari daga Ibadan ɗin dai da ya samu makarɓar estirojin a kusan kashi biyu cikin uku na samfurinsu. Wata babbar bita da ta fito a PLoS Medicine a 2014, wadda ta tattara binciken Afirka masu yawa, ta nuna cewa adadin ya fi yawa a tsokar da aka tara sabuwa bisa ƙa'ida fiye da tsohuwar da aka ciro daga ma'ajiya. Kai da kake ɗakin tiyata ka san dalili. A cire nono gaba ɗaya a jefa a bokiti da ɗan ruwan fomalin da bai rufe shi ba, ba a tsaga ba, ya kwana biyu kafin ya isa ɗakin gwaji. Fomalin yana ratsa tsoka ne a hankali, kusan milimita ɗaya a awa, kafin ya kai tsakiyar ƙarin, tsakiyar ta fara ruɓewa, makarɓar ta lalace, gwaji ya ce babu alhali akwai. Ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin daji da na nazarin tsoka na Amurka ita ce tsoka ta shiga fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin awa ɗaya da cirewa, a tsattsaga ta kusan milimita 5, ta zauna tsakanin awa 6 zuwa 72. Kuskure a nan yana nufin a hana mace tamoksifen, magani mai araha da zai iya ƙara mata shekaru.

Muhawarar ba ta rushe aikin 2009 ba. Har yanzu shaidu na nuna nau'in da ba shi da makarɓa ko ɗaya cikin ukun da ake gwadawa (estirojin, furojestaron da HER2) ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, ana dai jayayya ne a kan nawa ne na halitta nawa ne na sarrafa tsoka. A ganina wannan shi ne tasiri na gaske: maƙala ta sa mutane sun koma ɗakin gwaji, sun gyara yadda suke aiki, sun sake aunawa. Amma lambar ambato ba ta gaya maka ko ɗaya daga cikin wannan ba. Mai goyon baya da mai jayayya duk ɗaya ɗaya ta ƙirga su.

Ambato ba shaidar gaskiya ba ne

A 2006 Anil Potti na Jami'ar Duke ya buga maƙaloli a Nature Medicine da New England Journal of Medicine, yana cewa tsarin ƙwayoyin gadon ƙari na iya nuna maganin kemo da zai yi wa mara lafiya aiki, ko yiwuwar dawowar cutar. An yi ta ambatonsu, har aka fara gwaji a kan marasa lafiya. Masana ƙididdiga biyu na cibiyar MD Anderson, Keith Baggerly da Kevin Coombes, suka yi ƙoƙarin maimaita lissafin suka tarar da layukan bayanai sun goce, an kuma juya wasu alamomi, wanda magani ke yi wa aiki ya koma wanda ba ya yi wa. An dakatar da gwaje-gwajen a 2010, aka janye maƙalolin, hukumar kula da amanar bincike ta Amurka ta tabbatar da maguɗi a 2015. Wanda ya duba lambobin Potti a 2009 zai ga tauraro ne.

Ko babu maguɗi, akwai rauni. A 2012 Glenn Begley da Lee Ellis sun ruwaito a Nature cewa cikin manyan binciken ɗakin gwaji 53 da kamfanin Amgen ya yi ƙoƙarin maimaitawa, 6 ne kawai suka tabbata. A 2017 mujallar Tumor Biology ta janye maƙaloli 107 a lokaci guda saboda tantancewar bogi. Kuma maƙalar da aka janye ba ta daina samun ambato, domin mutane na kwafe madogara daga juna ba tare da sun koma tushe ba.

Ga kuma akasin haka. A 1958 Denis Burkitt, likitan tiyata a asibitin Mulago da ke Kampala, ya bayyana wani ƙarin muƙamuƙi a yara 38 a British Journal of Surgery. Da farko kusan babu wanda ya kula. Sai a 1961 Anthony Epstein ya saurari laccarsa a Landan, ya nemi a aiko masa da samfuri, a 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar cutar bairos ta farko da aka danganta da ciwon daji a ɗan Adam. Victor Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda suka nuna cewa ƙarin na narkewa da magani, ya kuma samu kyautar Lasker a 1972 tare da Burkitt da wasu. Da kwamitin ƙarin girma ya auna Burkitt da ambaton shekaru biyun farko, da ya ce babu abin a zo a gani.

Yadda nake tantancewa idan aka miƙo mini takardun mutum

Aikin yini guda ne ga kowane malami. Bayan na tabbatar shafin nasa ne shi kaɗai, sai in jera maƙalolin bisa yawan ambato in ɗauki ashirin na sama. In ja layi a kan duk wadda marubutanta suka haura hamsin kuma shi yana tsakiya, da rahotannin alƙaluma, da bita. Ba don ba su da amfani ba, sai don ba su ne ke nuna tunaninsa ba. Abin da ya rage shi ne nasa. Sau da yawa a nan tazarar ninki goma ke narkewa. Idan mujallar ta buga bayanin gudummawar kowane marubuci a ƙarshen maƙala, karanta shi, ya fi matsayin suna faɗin gaskiya, musamman da yake a wasu manyan gwaje-gwajen magani jagoran ne ke zuwa a gaba, wasu ƙungiyoyin kuma bisa haruffa suke jerawa.

Daga nan sai ambaton kai. Scopus na da maɓallin cire shi. Ambaton kai ba laifi ba ne ga wanda ke ɗora aiki a kan aiki. A bayanan da John Ioannidis na Stanford da abokan aikinsa suka fitar a 2019, matsakaicinsa kashi 12.7 cikin ɗari ne, sun kuma ce wanda ya haura kashi 25 a duba shi da kyau. Waɗannan bayanan su ne asalin jerin "kashi biyu cikin ɗari na masanan duniya" da jami'o'inmu ke taya murna a kai kowace shekara. Jerin ya fi ɗanyen ma'aunin h, domin yana la'akari da matsayin suna da yawan marubuta da fanni. Amma lissafi ne daga Scopus, ba lambar yabo ce da Stanford ta zauna ta zaɓi mutum ba, kuma jerin iri biyu ne, na tsawon rayuwar aiki da na shekara ɗaya, mutane kan manta su faɗi wanne suka shiga.

Don kwatanta maƙala da sa'o'inta, akwai manhajar iCite ta cibiyoyin lafiya na Amurka, kyauta ce. Ka zuba lambobin PubMed na maƙalolin, za ta ba kowacce maki, inda 1.0 ke nufin daidai da tsaka-tsakin maƙalolin da cibiyoyin suka ɗauki nauyi a wannan fanni. Tana kuma nuna ko wani gwajin asibiti ko kundin jagoran jinya ya ambace ta. Scopus na da makamancin wannan, inda 1.00 ke nufin matsakaicin duniya ga fanni ɗaya, shekara ɗaya, nau'in rubutu ɗaya. Kada ka yi amfani da su a kan maƙalar da ba ta kai shekara biyu ko uku ba, ambato bai taru ba tukuna.

Sai babban aikin, wanda babu manhajar da za ta yi maka. Zaɓi maƙaloli biyar da suka rage, ka karanta sashen hanyar bincike kafin sakamako. Marasa lafiya nawa? An tara su ne tun farko da tsari ko an koma fayil? An bibiye su wata nawa, nawa suka ɓace? Idan gwajin magani ne, an yi masa rajista a ClinicalTrials.gov ko rumbun rajistar Afirka na PACTR kafin a fara, kuma abin da aka ce za a auna shi aka ruwaito? Sannan ga kowacce ka buɗe goma zuwa ashirin daga masu ambatonta ka nemo jimlar da aka ambace ta a ciki. Idan kullum a gabatarwa take, cikin tarin lambobi biyar a baka ɗaya, ambaton gaisuwa ne. Idan a sashen hanya take, wani ya ari dabararta. Idan a tattaunawa take ana gwada sakamako da nata, ta shiga muhawara. Idan ta shiga kundin jagoran jinya, kamar na ƙungiyar cibiyoyin daji ta Amurka, NCCN, da aka daidaita don ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ta isa gadon mara lafiya. A ƙarshe ka rubuta sunansa a rumbun Retraction Watch da shafin PubPeer. Janyewa ɗaya da marubuci ya nema da kansa saboda kuskure ba abin tsoro ba ne. Hotunan gwaji da ake ta maimaitawa a maƙaloli daban-daban, wannan magana ce dabam.

Ka kuma lura da mujallun biya-a-buga, masu karɓar maƙala cikin kwana uku. Biyan kuɗin bugu shi kaɗai ba alamar damfara ba ne, manyan mujallu ma na karɓa. Abin dubawa shi ne ko mujallar na cikin rumbunan da ke tantance mujallu, wato MEDLINE ko Scopus ko DOAJ. Kada kuma ka raina mujallun gida. Annals of African Medicine da ke fitowa daga Sakkwato tana PubMed, kuma sau da yawa bayanan da likitan Arewa ke buƙata a can suke, ko da ambatonsu bai taka kara ya karya ba.

Iyakar wannan hanya

Duk abin da na zayyana yana auna abin da aka buga ne. Ba ya ganin wanda ya kafa rajistar masu ciwon daji a asibitinsa, ko ya gyara yadda ake sarrafa tsoka, ko ya horar da likitoci talatin. Rajistar Ibadan da aka kafa a 1960 tana cikin tushen alƙaluman da ake ƙiyasta wa Najeriya, amma ambaton yana tafiya ne ga rahoton duniya, ba ga masu cike fom ɗin ba. Haka nan jan layi a kan maƙalolin haɗaka na iya zaluntar wanda ya sha wahalar tara samfuri. Kuma ban ga shafukan malaman naka ba, saboda haka mai yiwuwa ne mai babban adadin ya tsallake duk wannan tankaɗe, ya zama shi ne gwanin. Ana samun haka.

Kai kuma ba alƙalin gasa ba ne, mai neman malami ne, don haka shekaru biyar na baya-bayan nan sun fi maka muhimmanci a kan tarihin shekara talatin. Duba maƙalolin wannan tsakanin da sunansa ke ƙarshe, ka ga su wa ke gaba. Idan ɗalibansa ne, kuma sunayen na canzawa daga shekara zuwa shekara, yana yaye mutane. Nemi biyu daga cikinsu ka tambaye su wata nawa daftari ke yi a teburinsa kafin ya dawo, da ko sun kammala a kan lokaci. Idan aikin zai haɗa da kai samfurin marasa lafiyarku waje, ka tambayi malamin tun kafin ka amsa: wa zai riƙe bayanan, akwai rubutacciyar yarjejeniyar miƙa samfuri da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku, kuma a maƙalar da za ta fito daga aikinka, sunan wa zai zo a gaba.